Ranar da Aka Zo Ta'aziyyata Ina da Rai

Na daɗe ina jin yadda kuke ba da labarin shekarar da na canja mota, kuma kullum sai in ji kun ɗora laifin a kan wanda bai ci ba bai sha ba. Kuna cewa Baban Ngozi ya zo har gida ya yi mini ihu don haushin ya rasa kwastoma, tunda motar lantarki ba ta shan baƙin mai, ba ta cin fulogi. Har na taɓa jin ɗayanku yana ba matarsa labarin a gabana yana ƙyaƙyata dariya, ni kuwa na yi gum, don abin da kunya. Yanzu da idona ya fara gajiya da zura zare a allura, na ga gara in zauna in rubuta muku yadda aka yi, kada in tafi in bar mutumin kirki da baƙin suna a bakin 'ya'yana. Laifin nawa ne tun daga farko.

Manyanku sun san Chukwuma, wanda kuke kira Baban Ngozi, tun muna katanga ɗaya da shi a nan Nasarawa Gwom. Ƙananan kuwa sai dai labari. A Jos aka haife shi kamar ni, ubansa ya zo tun zamanin haƙar kuza, nawa ma haka. Ni na kama ɗinki, shi ya kama sayar da kayan gyaran mota a Laranto. Matarsa ce ta riƙe hannun Asabe, mahaifiyarku, ranar da aka haifi Rabi autarmu, don ni ina can shago ina fama da ɗinkin Sallah. Da rikicin nan da kuka sani ya raba garin, sai ya kwashe iyalinsa ya koma Gada Biyu. Mu ba mu yi faɗa ba. Amma daga nan shi bai ƙara taka unguwarmu ba, ni ma ban taɓa sanin launin ƙofar sabon gidansa ba. Babu wanda ya hana mu da baki, kowa dai ya san inda ƙafarsa ke tsayawa a lokacin, kuma da abubuwa suka lafa sai sabo ya ci gaba da riƙe mu. Shekara ashirin da ɗoriya, wuri ɗaya ne ya rage mana, benci a ƙofar shagonsa.

Abin da ke kai ni wannan bencin kuwa tsohuwar motata ce, wadda kuka raɗa wa suna Gwaggo. Allah ya ji ƙan Gwaggo, ko da yake na ji har yanzu tana jigilar kabeji. Mota ce da ba ta taɓa cika mako guda lafiya ba. Yau fanbel, gobe kafireta, jibi ta kama tari ba dalili. Duk Asabar sai in lallaɓa ta zuwa Laranto, Chukwuma ya fito yana goge hannu da tsumma, ya zagaya ta yana girgiza kai.

"Tela, wannan mota naka ya tsufa. Ka bar shi ya huta mana!"

"In ta huta, kai me za ka ci?"

Hausarsa irin ta 'yan Jos ce, ba ruwansa da mace ko namiji, kowa "shi" ne a wurinsa har uwargidansa. Sai ya aika a kira makanike, mu kuma mu zauna mu sayi gasasshiyar masara, mu yi gardamar ƙwallo da siyasa da ciwon gwiwa har la'asar ta yi in nemi masallaci. A duk tsawon shekarun nan ban taɓa buɗe baki na ce masa don shi na zo ba. Irin tarbiyyarmu ke nan, namiji ba ya tashi takanas ya ce wa namiji ya yi kewarsa, sai ya nemi dalili ya riƙe a hannu. Akwai Asabar ɗin da Gwaggo ta tashi garau, na tsaya a hanya na sassauta wata waya da hannuna don in samu abin faɗa. Ina zaton ya gane, amma ya ɗaure ta kawai ya turo mini benci.

To sai ga shekarar da kuɗin fetur ya yi tashin gwauron zabi. Gwaggo kuwa ba ta san an yi ba, cikinta na nan yadda yake. Na wuni a layin gidan mai sau biyu a wata guda, na dawo gwiwoyina sun kumbura, ɗinkin mutane na jirana. A lokacin Rabi ta gama koyon aikin sola, har ta fara hawa rufin gidajen mutane da wandonta da hular kwano, abin da ya sa 'yan'uwan Asabe suka yi ta tsegumi. Ita ce ta jera mana farantan sola a kan kwanonmu don kekunan ɗinki da firiza, muka huta da hayaƙin janareta. Wata rana da hantsi ta tarar da ni ina shafa man zafi a gwiwa, ta tsuguna ta ce,

"Baba, ranar da ke juya maka keken ɗinki za ta iya juya maka taya."

Na ce ta bar ni da tatsuniya. Ta ce ba tatsuniya ba ce, akwai ƙananan motocin lantarki na hannu da ake shigowa da su, ta ga guda da idonta, kuma yawona duk bai wuce cikin gari da Bukuru ba. In aka ƙara faranti a rufi, aka canja inbata, na'urar da ke juya wutar sola ta zama ta gida, zan riƙa cika ta a tsakar gida. Asabe tana daga kicin tana jin mu, ta leƙo da ludayi a hannu.

"Malam, motar da ba ta da inji, in ta tsaya maka a hanya wa za ka kira? Mai gyaran rediyo?"

"Umma, ni zai kira," in ji Rabi.

"Ke ɗin da za a aurar a kai ki wani gari?"

Wata uku muna wannan muhawara. Ni mutum ne mai taurin kai, kun sani, kuma taurin kaina yakan juya ya koma bayan abin da na fara ƙi. Da na je na ga motar, na zauna a ciki, mai ita ya ce ai ta riga ta tashi alhali ban ji komai ba, sai na ji zuciyata ta tafi. Na sayar da ɗan filin da nake da shi a hanyar Bauchi, wanda da na yi niyyar bar muku, kuma wannan ma ina neman afuwarku a kai. Gwaggo kuma na miƙa ta ga dillali. Ranar da aka zo tafiya da ita Asabe ta shige ɗaki ta ƙi fitowa, ita da ta fi kowa zaginta.

Ba zan ɓoye muku ba, na ji daɗin motar nan fiye da yadda ya dace da mai furfura. Na koyi sabon tsari kamar ɗan makaranta. Da hantsi, in rana ta hau kan kwano sosai, sai in jawo wayar caji daga bangon zaure in soka mata, in koma kan kekena. Kafin la'asar in zare, domin Rabi ta kafa doka cewa batirin gida na gida ne, mota daga rana kai tsaye za ta sha. Aka yi rabon lokaci tsakanina da Asabe, ita da dutsen gugarta da firizar kunun ayarta, ni da motata, kuma ba kullum rabon ke tafiya lami lafiya ba. Ni da ban taɓa damuwa da sararin sama ba sai in ana neman wata, na zama mai fitowa tsakar gida ina karanta gajimare. Awakin unguwa ba sa jin zuwana, sai na yi ta danna oda kafin su tashi daga hanya. 'Yan majalisar ƙofar masallaci suka sa mata suna Munafuka, wai tana shigowa ba sallama. Na bar su suna dariya. Ranar da na wuce ta gaban layin mai na hango uku daga cikinsu a tsaye da jarkoki, na sauke gilashi na gaishe su da kyau, Allah ya yafe mini.

Abu ɗaya ne ya tsaya mini a rai, ban gaya wa Chukwuma ba. Yaya za ka kalli mutumin da ya ƙare rayuwarsa a cikin fulogi da fistin ka ce masa ka sayi motar da ba ta buƙatar ko ɗaya? Na ga kamar zagin sana'arsa ne. Asabar ta farko na ce sai ta gaba, in na shirya maganar da zan faɗa. Ta gaba ta zo, na sa hula na fito, na tsaya a gaban motar, sai na ga ba ni da abin da zan ce ya kawo ni. Babu abin da ya lalace. Na cire hular na koma ciki. Haka Asabar ta yi ta bin Asabar, kuma duk wadda ta wuce sai ta ƙara wa ta gaba nauyi, don yanzu ba labarin mota kaɗai zan bayar ba, har da dalilin shiruna. Asabe ta yi magana sau ɗaya.

"Malam, yaushe rabonka da Baban Ngozi? Zumunci fa a ƙafa yake."

Na ce mata aiki ne ya yi yawa. Ta dube ni irin kallon da take yi muku in kun ce kun yi sallah alhali ba ku yi ba, ta ci gaba da tsince shinkafarta.

Wata huɗu aka yi a haka, har muka shiga tsakiyar damina, lokacin da Jos kan yi kwana da kwanaki rana ba ta leƙo ba. Wata Laraba da yamma wayata ta yi ƙara, na duba na ga sunansa. Na ce bari ta katse, in na nutsu in kira shi. Ya sake kira, ya kuma sakewa, sau uku ina kallon wayar a kan teburin yanka kamar maciji ne. Ban ɗauka ba, ban kuma kira ba. Abin da ban sani ba shi ne, a ranar wani mai kayan gwari ya tsaya a ƙofar shagonsa neman fanbel, kuma motar da ya zo da ita Gwaggo ce, an cire kujerun baya an danƙara mata kabeji. Chukwuma ya san motar nan fiye da yadda ya san tafin hannunsa. Ya tambayi mutumin ina mai ita, ya ce shi daga hannun dillali ya saya, bai san kowa ba. Chukwuma kuwa ya zauna da Hausawa tun yana cikin tsumma, ya san lokacin da ake sayar da motar dattijo a ba dillali, wato in an zo rabon gado. Ya haɗa wata huɗun da bai gan ni ba da wayar da ba a ɗauka, ya gama lissafinsa.

Washegari da hantsi ina bayan mota a tsugune, ina ƙoƙarin soka caji ko Allah zai sa ta samu ɗan abin da gajimare ya bari, sai na ji sallama a zaure. Asabe ce ta fita. Na ji ta yi salati, sannan na ji muryar da na sani, amma a shaƙe.

"Hajiya, ya haƙuri? Wallahi ban ji ba. Babu wanda ya gaya mini. Da na zo tun ranar."

"Haƙurin me, Baban Ngozi?"

Na miƙe da wayar caji a hannu na zagayo. Yana tsaye a bakin zaure cikin farin kaftanin da na ɗinka masa tun muna maƙwabta, ya matse shi a ciki, ya ɗora hula, ga katan ɗin lemo a ƙasa kusa da ƙafarsa wanda ya kawo wa masu zaman makoki. Idonsa ya yi ja. Mutumin da ya shekara ashirin bai shigo unguwar nan ba, ya rufe shagonsa ranar kasuwa, ya hau Keke mai ƙafa uku shi kaɗai, matarsa tana roƙonsa kada ya je, ya zo yi wa iyalina ta'aziyya. Da ya gan ni sai ya ja da baya har ya bugi bango. Ya dube ni, ya dubi wayar da ke hannuna, ya dubi motar. Na ga lokacin da tsoro ya bar fuskarsa wani abu ya maye gurbinsa.

"Tela. Kana da rai."

"Ina da rai, Oga Chukwuma. Shigo ka zauna, in yi maka bayani."

"Kana da rai, kana da waya, kana da sabon mota! Ni ban yi barci ba, ina kuka kamar yaro, matana yana ba ni haƙuri. Ashe kana nan kana ba mota wuta! Ni mai fulogi ne kawai, ko? Fulogi ya ƙare, Chukwuma ya ƙare!"

Wannan shi ne ihun da Rabi ta ji daga ɗaki, kuma ƙarshensa kawai ta tsinta, shi ya sa labarin ya iso muku a karkace. Asabe ta kawo ruwa ya ƙi karɓa. Ya juya ya fita, ya bar lemon a nan. Na bi shi har bakin titi ina kiran sunansa, ya tare Keke ya hau bai waiwayo ba. Da na dawo na tarar da Asabe a zaune a kan turmi tana share ido da bakin mayafi. Ba ta yi mini faɗa ba, kuma da ta yi da ya fi mini sauƙi. Cewa kawai ta yi, a cikin duk waɗanda nake wuni da su a majalisa, in nuna mata wanda zai tsallaka gari don ya zo ya yi mata gaisuwa. Ban taɓa jin na ƙanƙance irin na ranar ba.

Ranar Asabar na shirya. Kwana huɗu ke nan ba rana, ga shi na je ɗaurin aure Bukuru a farkon makon, cajin motar ya yi ƙasa har alamar ta koma ja. Rabi ta duba ta ce zai kai ni Laranto ya dawo da ni, amma kada in yi yawo, kada kuma in kunna abin ɗumama mota. Na tafi a hankali cikin yayyafi. Na tsaya a ƙofar shagon, bai ji zuwana ba sai da na rufe ƙofa. Ya ɗago ya gan ni, ya mayar da kai kan kwalin da yake buɗewa. Na gaishe shi, ya amsa a daƙile. Na tsaya a nan kamar almajiri, ruwa na sauka a hulata, na ba shi haƙuri, na faɗa masa kunya ce ta hana ni zuwa. Can sai ya fito, ya zagaya motar hannu a baya, ya sa na buɗe masa gaba, ya leƙa ya daɗe yana neman abin da ya sani bai samu ba. Ya leƙa ta taga ya ga jar alamar. Sai na ga kafaɗunsa sun ɗan sauka.

"Batir naka ya kusa mutu. Ba zai kai ka gida ba. Bari in tada janareta, ka sa shi. Zai ɗauki awa uku, ko huɗu. Sai ka zauna ka jira."

Na gane abin da yake yi. Dalili yake miƙo mini, irin wanda muka saba, don in zauna ba tare da kowa ya faɗi komai ba. Kuma wallahi na so in karɓa, don shi ne mai sauƙi. Amma na tuna wannan sauƙin ne ya kai shi ƙofar gidana da katan ɗin lemo.

"Cajin zai kai ni gida, Chukwuma. Rabi ta duba. Ba caji ya kawo ni ba, babu kuma abin da ya lalace. Kai na zo gani. Tun da can ma kai nake zuwa gani."

Maganar ta fito da ƙyar, a gaban makanikai biyu da mai masara. Ya tsaya yana kallona. Sai ya juya baya ya fyace hanci da tsummansa mai baƙin mai, ya jawo bencin daga inda ruwa ke zuba, ya goge shi da hannun riga.

"Shekara ashirin kana sa ni ina ɗaure wayan da kai ka kwance. Zauna, tsohon banza."

Daga ranar abubuwa suka canja fiye da yadda na zata. Asabar ta gaba ni na ɗauke shi na kai shi gida, na ga ƙofarsa a Gada Biyu, shuɗiya ce, Maman Ngozi ta rungume Asabe suka yi ta kuka da dariya. Shi ma ya dawo gidanmu, wannan karon ya sha ruwa, ya sa Rabi ta yi masa bayanin farantan nan ɗaya bayan ɗaya, yana tambaya kamar mai shirin jarrabawa. Kafin shekara ta zagayo ya ware gefe guda a shagonsa ya zuba wayoyi da fitilun sola, yana cewa shi ba zai zauna duniya ta wuce shi ba sallama. Har yau yana zagin motata, wai ba ta da murya, amma shi ke fara shigewa gaba in za mu fita.

Kwanan baya muna zaune a bencin, ya ce mini ranar da na mutu da gaske kada in sa ran ganinsa, shi ya riga ya yi nasa kukan, ba a biyan abu sau biyu. Muka yi dariya. Amma ni ban ɗauke ta wasa ba, shi ya sa nake rubuta muku wannan. In Allah ya sa na riga shi, kada ya ji a waya, kada ya ji a bakin wani a kasuwa. Kafin a ɗauke ni, ɗayanku ya zare motar daga caji, ya je Gada Biyu ya faɗa masa baki da baki, ya ɗauko shi. Ku shimfiɗa masa tabarma a cikin 'yan'uwana, inda ake karɓar gaisuwa.